Lambar Halliru a Cikin Misali

Yayana Halliru ne ya haɗa manhajar da ke tura wa makiyaya saƙon waya in ranar rigakafin shanu ta zo. Shi ya rubuta bayanin girka ta, har da misalin fayil ɗin saiti da mutum zai kwafa. Amma Halliru, Allah ya jiƙan shi, sarkin gaggawa ne. A layin da kowa zai sa lambobin mutanensa, tasa lambar ya sa, wai daga baya ya gyara. Bai samu ba. 'Yan bindiga sunka tare motarsu a hanyar Isa.

Mutanenmu kuwa ba karantawa, sai kwafa! Duk wanda ya girka, saƙonsa wayar Halliru yake faɗawa. Wayar tana hannun Innarmu a Sabon Birni. Da ta yi ƙara sai ta ƙwala mini kira: "Radiyya, taho ki karanta, ana biɗar Halliru." In na karanta ta ce, "Kin gani? Ɗana yana nan yana aiki." Na san kuskure ne, amma dariyarta ke nan da ta rage.

Ran nan Atiku, malamin dabbobi na Kurawa, ya kira ni, don kula da manhajar hannuna ta dawo. Ya tura sanarwa, ba makiyayin da ya zo, ciwon huhu ya kwashe maruƙa.

"Malama Radiyya, misalin yayanki ba daidai yake ba."

Na wanke shi tas. Ba ku da idanu ne? Sai mamaci ya tashi ya cika muku? Na kashe waya ina huci, alhali gaskiya ya faɗi.

Gyaran layi guda ne. Na goge lambar, na rubuta "sa lambobin makiyayanka a nan", na sanar da duk waɗanda sunka girka. Wallahi ji na yi kamar ni na tura wa Halliru ƙasa a kabari.

Waya ta yi tsit. Inna ta jure, ta jure, sannan ta miƙo mini ita.

"Kai ta wurin mai gyara, ta lalace."

"Lafiyarta lau, Inna. Ni na cire lambar."

Na faɗa mata komai.

"Shanun suna samun allurar yanzu?"

"Suna samu."

"To madalla. Za ni ɗaka."

Ta naɗe wayar cikin hular Halliru ta shige. Kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza, ran nan na ji shi ta bayan labule.