Kitson Ƙarshe na Amama

Matajin ya sake suɓucewa daga hannun Abibata, ya faɗa cikin bokitin ruwan wanka.

"Kawo in ƙarasa," in ji Hajiya Mulikatu, mai wankan gawar matan unguwa.

"A'a, Hajiya. Ni ta bar wa."

Amama na kwance a kan tabarma, an lulluɓe ta da zane. Da safe ta cika, bayan jinyar da ta cinye damina guda. Ita da Abibata maƙwabtan juna ne a unguwar Maamobi, ɗaki jikin ɗaki, ita tana sayar da shinkafa da wake a bakin titi, Abibata tana kitso a ƙofar gida. Abin da ya rage shi ne a tsefe kai, a wanke, a kitse shi gida uku kafin a sa likkafani. Tun shekarun baya, tana da lafiyarta, Amama ta roƙi wannan: "Ranar da na tafi, ke za ki taɓa min kai. Kada ki bar matan nan su ja min gashi kamar masu fige kaza."

A lokacin alkawarin bai yi nauyi ba. Yanzu babban yatsan Abibata da biyun da ke bi masa sun mutu, kamar ta tsoma su cikin ƙanƙara. Tun bara ta daina kitso. Likita ya ja mata layi da biro a wuyan hannu, ya ce jijiya na bi ta wani lungu a nan, kuma lungun mace yakan fi na namiji matsewa, shi ya sa mata suka fi kawo masa wannan ciwon. Ya ce ƙaramin aiki ne. Da ta ji zancen wuƙa, ba ta koma ba.

Mijinta Jibirilu, kafinta, dariya ya yi. "Ni da nake buga guduma tun zamanin Turawa, ga hannuna garau."

Amama ta jiyo ta bayan bango. "Naka faffaɗan titin Kanda ne, Malam. Namu lungun Nima ne, mutum biyu ba sa wucewa. Ei, kai ta a yi mata aikin mana!"

Yanzu aka buga ƙyaure. Ramadan ne, babban ɗan Amama. "Hajiya, mota ta iso. Maza suna jira, rana na yi."

"Su jira," in ji Mulikatu, amma Abibata take kallo.

Abibata ta yarfa hannu, ta sake kama gashin. Tana ganin yatsunta sun riƙe, ba ta jin komai. In ta ja da ƙarfi ba za ta sani ba. Ta sauke hannu za ta miƙa matajin, sai ɗan ƙaramin yatsanta ya gogi bayan kunnen Amama. Ta ji sanyin fatar sarai. Wannan yatsan bai mutu ba.

"Zelia, zo ki zauna nan."

'Yar Amama ta matso, ido jajur. "Inna, ban iya kitso ba."

"Ba gidan biki za ta ba. Riƙe nan."

Da ƙaramin yatsa Abibata ta tsaga gashin, tana lalubo fata a hankali. Zelia na riƙe da silin, ita kuma tana juya shi da gefen tafin hannu, wannan bisa wancan.

"Sassauta. Uwarki ba ta son ja."

Da suka gama, Mulikatu ta duba. "Na tsakiyan ya karkace."

"Ta san hannuna," in ji Abibata.

Aka sa likkafani, aka kira maza. Jibirilu na cikin masu ɗaukar makara. Da ya zo giftawa, ta ce masa ƙasa-ƙasa, "Malam, ran Litinin za ka raka ni asibiti."

Ya dube ta, ya gyaɗa kai, ya sa kafaɗa a makarar.

Bayan mota ta tashi, Abibata ta zauna a bakin ƙofa, hannuwanta buɗe a kan cinya suna bushewa. Silin furfura ɗaya ya naɗe a ƙaramin yatsanta. Ba ta cire shi ba.