Saƙon Efo Mawuko Zuwa Ga Akpene

"Kin ga Akpene kuwa?"

Ko buhun gawayin ban sauke daga kaina ba Efo Mawuko ya jefo min tambayar. Yana kwance a gindin mangwaron da ya raba gidajenmu, ƙafafunsa sun kumbura, wayarsa a kan ƙirji, wata murya na ta bayani a ciki.

"Na gan ta, Efo. Ta ce kifinta na kan wuta."

"Kifi," ya ce, ya rufe ido.

Tun ina amarya Efo ke wa'azi a ƙaramin cocinmu na bayan garin Ho. Kafinta ne, bai taɓa leƙa makarantar tauhidi ba, amma in ya buga tebur kowa sai ya nutsu. Da ciwo ya kwantar da shi ne ya gano darussan tauhidi na kyauta a intanet. Tsoho ya zama ɗalibi! Har jarrabawa yake yi. Nakan tsokane shi, "Bishop, yaushe za a naɗa ka?" Ya ce, "Daavi Abla, bakinki ya fi yajin tuwon dokununki zafi."

Wani darasi a kan Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake rabawa a teburin coci, shi ne ya karya shi. Ya saurara, ya maimaita, sai ya kira ni yana hawaye.

"Malamin nan ya ce teburin na masu rauni ne, ba ladan masu kirki ba. Ya kawo ayoyi, na duba, suna nan. To ni da wane iko na kori Akpene?"

Akpene, 'yar cocinmu mai sayar da kifi, ta yi girki ne a jana'izar mahaifinta, inda aka zuba wa kakanni giya a ƙasa. Efo ya tsayar da ita gaban jama'a, ya mayar da ita bencin baya, ya hana ta Jibi. Duk muka ce amin. Ta zauna a can wata da watanni, ba mai miƙa mata hannu, har ta daina zuwa. Ko yanzu in na wuce rumfarta sai kunya ta kama ni.

Abu ɗaya yake nema kafin ya tafi: ta zo, ya roƙe ta gafara da bakinsa.

Na koma rumfarta washegari da saƙonsa. Tana juya kifi, ko kallona ba ta yi ba.

"A gaban coci ya kunyata ni, sai a gindin mangwaro zai ba ni haƙuri? Waya ce ta gaya masa ni mutum ce? Ku fa, ba ku da ido?"

Gaskiya ta faɗa.

Ranar Lahadi ya sa muka ɗauke shi a kujera zuwa coci. Murya ba ta fita sosai, amma ya faɗa: "Na zalunci Akpene. Jahilcina ne, ba dokar Allah ba." Kowa ya sunkuyar da kai. Ita dai ba ta nan, sai labari da ya kai mata.

Ranar Talata da hantsi ya cika, bai gan ta ba.

Da la'asar muna jera kujerun makoki, sai ga ta da baƙin zane, ɗauke da kwandon kifi. Ba ta gai da kowa ba. Ta wuce bayan gida inda ake girki, ta ja turmi ta zauna, ta fara ɓare albasa.