Giyar Baya ta Taraktar Nomau

Taraktar Malam Nomau ta girmi 'ya'yansa duka. Tun zamanin da gyaɗa ke da daraja a Damagaram kofaratif, ƙungiyar manoma, ta kawo ta ƙauyen Durum, aka ba shi tuƙinta yana saurayi. Da kofaratif ta watse sai ya saye ta, ya ci gaba da huɗa wa mutane gonaki, har jan fentinta ya koɗe ya koma launin ƙasa. A daminar bara ne babban ɗansa Sha'ibu yana janye ta da baya daga cikin taɓo, aka ji wata ƙara a cikinta, ta tsaya cak. Da shanu aka jawo ta gida, aka ajiye ta gindin gawon ƙofar gida.

Kusan lokacin ne kuma tsufa ya fara taɓa hankalin Nomau. Da farko sunaye ne ke ɓace masa, daga baya fuskoki ma suka bi. 'Yarsa Barira, wadda ke koyarwa a wata lakwal cikin Damagaram, tana zuwa kowace Asabar da ƙullin tsire da ayaba. Yakan karɓe ta da fara'a, ya ce a shimfiɗa wa baƙuwa tabarma, ya tambaye ta mutanen garinsu. Malama yake kiranta. Da farko takan ce masa ita ce Barira, autar marigayiya Sa'a, sai ta ga yana jin kunya yana sunkuyar da kai, kamar wanda aka kama da laifi. Sai ta daina. Ta koma amsa Malama.

Abu guda ne bai ɓace masa ba. Kowace safiya yakan dogara sanda ya je gindin gawo, ya kama hannun giya ya jijjiga, ya ji ya ƙi motsi, ya dawo ransa a ɓace. Wani lokacin har fura yake ƙi. Wata Asabar ya ja Barira gefe, ya ce mata ƙasa-ƙasa, "Malama, ke da kike birni, ko kin san inda ake samun giyar baya? Ruwa ya kusa, ga gonakin mutane na jirana."

Ba wanda ke jiransa. Yawancin masu gonakin da yake nufi sun riga mu gidan gaskiya. Amma Barira ta ce za ta nema.

Sha'ibu bai so ba. Ya ce mata ya riga ya yi yawon garaj-garaj, an tabbatar masa irin wannan tarakta ta ƙare a duniya, gara a sayar wa masu tsofaffin ƙarafa a huta. Ba rashin tausayi ba ne, shi ke kwana da tashi da tsohon, ya gaji. Duk da haka ya kwance murfin bwat ɗin, wato akwatin giya, suka tsiyaye baƙin mai a kwano, ya zaro mata giyar. Ba ta fi tafin hannu ba. Haƙoranta da dama sun kakkarye, gutsattsarin ne suka shiga tsakanin sauran suka cije kome. Ta naɗe ta a tsumma ta sa a jakarta tare da littattafan yara.

Ta yi makonni tana yawo da ita bayan an tashi daga lakwal. Masu sayar da fiyas, kayan gyaran mota, sukan juya ta a hannu su yi murmushi. Wani ya ce sai Kano, wani ya ɗauki hotonta ya aika wa ƙaninsa a Maraɗi, ba a dace ba. A ƙarshe aka kwatanta mata Malam Alkasum, wani dattijo jikan maƙera, mai injin sassaƙa ƙarfe a wata rumfa kusa da unguwar Birni. Ya duba giyar da kyau, ya gaya mata gaskiya: zai iya cike haƙoran da walda ya goge, amma ba za su ga ƙarshen kuyya ɗaya a gona ba, kuma ba shi da injin yanka sababbi. Har ta miƙe, sai ya ce ya tuna akwai 'yar uwar wannan tarakta a Takeita, ta wani Gambo da ya taɓa kawo masa aiki. Gambo ya rasu, bai san ko tana nan ba.

Ran Lahadi Barira da Sha'ibu suka shiga motar Takeita da akwatin sufana. Ba su sha wahalar gano gidan ba. Taraktar na tsakar gida, tayoyinta sun nutse cikin rairayi, an shanya kuɓewa a kan bonet, kaza na kwanci ƙarƙashin kujerar direba. Matar marigayin, Inna Habiba, tsohuwa ce ƙarama mai kaifin ido. Tun kafin su gama gaisuwa ta ga akwatin, ta ce in masu sayen ƙarfe ne su sha ruwa su koma, ta sallami irinsu da yawa. Ta ce da hannunsa Gambo ya ajiye ta a nan, kuma nan za ta zauna har ita ma a fitar da ita.

Barira ba ta yi gardama ba. Ta zauna ta sha ruwan, ta kwance tsumman ta ajiye giyar a kan tabarma, ta ba ta labarin mahaifinta, har da sunan da yake kiranta da shi yanzu. Tsohuwar ta ɗauki giyar ta juya ta a hannu. Sannan ta tambaya ko yana cin abinci. Barira ta ce sai an lallashe shi.

"Nawa ma haka ya yi a ƙarshe," in ji Inna Habiba. "Ni yake tambaya ina Habiba ta tafi. Nakan ce masa ta je rijiya, yanzu za ta dawo." Ta gyara mayafinta ta dubi Sha'ibu. "Ɗana, cire abin da kuke so. Amma ka mayar da murfin yadda yake, kada in riƙa ganin cikinta a buɗe. Kuma kada ku tashi kazar nan."

Aikin ya ci yini, don kusoshin sun yi tsatsa. Yayin da Sha'ibu ke fama da su, matan biyu suna rumfa suna gyaran zogale, Inna Habiba na ba da labarin yadda Gambo ya ɗauko ta a kan wannan tarakta ranar da ta haifi ɗanta na fari, jaki ya ƙi tafiya. Da Barira ta yi maganar biya, tsohuwar ta ɗaure fuska. Sukari da ganyen shayi kawai ta yarda ta karɓa, ita kuma ta cika musu leda da busasshiyar kuɓewa.

Haƙoran giyar Takeita lafiya lau suke, amma ramin tsakiyarta ya cinye, tana lilo a kan sandarta. Malam Alkasum ya ce wannan kam aikinsa ne. Ya fitar da tsohon zoben da ke ciki, ya ɗaura guntun tagulla a injinsa ya yi ta sassaƙa, yana tsayawa yana gwadawa, har sabon zobe ya shiga daram. Barira na zaune a benci tana kallon ɓawon tagulla na zuba kamar zare. Da ya gama ya ce ta gaida masa direban, ya ce a da in taraktar Nomau ta shigo gari da buhunan gyaɗa, su samari har bin ta suke.

Ranar haɗawa, Sha'ibu ya shimfiɗa buhu ya jera kayan bwat ɗin a kai. Ya sa wannan ya cire, ya juya wancan, abin ya ƙi zama. Nomau na zaune a kujera yana kallo. Can sai ya ajiye sandarsa, ya matso, ya ce wa ɗan nasa, "Bawan Allah, ba haka ba ne, ka juya ta." Ya naɗe hannun rigarsa ya zura hannu cikin bwat ɗin ba tare da ya leƙa ba. Yatsun da ke rawa in ya ɗauki ludayi suka yi ta lalube a hankali, har aka ji ƙarfe ya zauna. Ya miƙa hannu baya yana neman sufana, Barira ta ɗora masa. Bai ce ga lambar da yake so ba, ita ma ba ta tambaya ba, tun tana ƙarama take miƙa masa su.

Aka zuba sabon mai da gazuwal, wato dizal, aka aro batir a wurin mai injin niƙa. Taraktar ta yi tari, ta yi tari, sannan ta kama, hayaƙi ya turnuƙe gindin gawo, awaki suka watse. Sha'ibu ya hau ya taka, ya ja hannun giya. Taraktar ta ja da baya a hankali, ta fita daga ramukan da tayoyinta suka yi.

Ba a bar tsohon ya tuƙa ba, shi ma bai nema ba. Maƙwabta suka ɗaga shi suka zaunar da shi a gefen direba, Barira ta hau ta riƙe shi ta baya da hannu biyu. Suka zagaya gonar bayan gida da ruwa bai riga ya jiƙa ba, ba garma, ba kome, yana ta yi wa Sha'ibu faɗa kada ya zauna a kan kuloci, ya bi gefen kargo, ya rage wuta. Sha'ibu na cewa to, Baba, yana share fuska da kafaɗa.

Da suka dawo tsohon ya gaji ƙwarai. Barira ta kawo ruwan ɗumi da sabulu da ɗan toka, ta zauna a gabansa tana wanke masa baƙin man da ya shiga ƙumbunansa. Ya zuba mata ido yana kallon yadda take murza yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Malama, mahaifinki yana da rai?"

"Yana nan, Baba."

"To ki riƙa zuwa kina duba shi. Kada ki ƙare lokacinki duka a wurinmu."

Ta ce za ta riƙa zuwa. Ta zubar da ruwan, ta goge masa hannu da gefen zanenta, ta jawo ƙwaryar fura ta dama masa. Ya karɓa ya sha, ya miƙo a ƙara.