Waken Hadassah a Maraɗi

Isiyaku na Makera ɓarawo ne, ko da yake bai taɓa fasa shagon kowa ba. A bakin iyaka ya yi satarsa, yana zaune kan bencinsa a Kaduna.

Sana'arsa aika kuɗi Nijar. Ta banki, kafin naira ta zama sefa an sha jira, an kuma zaftare. Don haka 'yan kasuwa ke danƙa masa naira, ya buga waya Maraɗi, Alhaji Zakariyya'u ya biya sefa a can. Ba rasit, ba shaida. Jarin wannan sana'a baki ne.

Hadassah wake take sayarwa a wata rumfa a Kakuri, nan Kaduna. Tun da masaƙa ta sallami mijinta, rumfar nan ke riƙe da gidan. Ta haɗa jarinta da kwasar adashenta ta kai wa Isiyaku, a biya mata buhunan shekara a Maraɗi. Ya mai da kuɗin sefa. Kafin a auna waken sojoji suka karɓi mulki a Nijar, aka rufe iyaka. Isiyaku ya riƙe sefar, bai mayar mata da komai ba. Sefa na tsaye, naira na gangarawa, rumfar Hadassah na ƙarewa.

Sai da aka buɗe iyaka ya kira ta.

"Madam, ga amanarki. Ko kwabo bai yi ciwon kai ba."

"Malam Isiyaku, wake na aike ka. Wannan ko rabin buhunan ba zai saya ba yanzu."

"Naira kika ba ni, naira na ba ki. Ni na karya ta? Je ki tambayi gwamnati."

"To ina ta kwana duk watannin nan?"

"Inda kuɗi ke kwana," in ji shi, yana sakace.

Ta kai ƙara. 'Yan sanda suka ce a Nijar aka yi canjin, ba huruminsu ba ne. Ta ci bashin kuɗin mota ta tafi Maraɗi. Jandarmomi, 'yan sandan can, suka ce a Najeriya aka karɓi kuɗin, ta koma can. Kowace ƙasa na da doka, amma dokar ba ta tsallake shinge. Isiyaku kuwa ya san da haka tun kafin ya miƙa hannu.

Ta nemi Alhaji Zakariyya'u a kasuwa, ta zayyana masa komai.

"Ce mini ya yi kuɗinsa ne, in ajiye masa," ya ce. "A wurinmu, sefar da aka canja da sunan mutum tasa ce, ta hau ko ta sauka."

"To, Baba, a ba ni tawa."

"Ya riga ya kwashe, 'yata. Ni ban karɓi komai a hannunki ba."

Ya ba ta kuɗin mota, iyakar abin da ta samo ke nan. Rumfar ta koma hannun wani. Yanzu a faranti take tallan wake a tashar Kakuri, mudu-mudu, na wasu.

Alhaji Zakariyya'u ya gaya wa 'yan canjin Maraɗi abin da Isiyaku ya yi, su kuma suka gaya wa na Damagaram da Ƙonni. Isiyaku na nan kan bencinsa a Makera. Yana buga waya, ba mai ɗauka.