Wanda Aka Miƙa wa Wuƙa

Shekara bakwai na yi ina neman ranar da zan kunyata Huzaifa a gaban mutane, kamar yadda ya kunyata mu. Shi ne malamin makaranta na Kafanchan da ya auri ƙanwata Dinah. Ta musulunta, ta koma Amatullahi, sunan da har yau bakin Mama bai iya ba. Babanmu dattijon ikilisiya ne. Daga ranar ya daina zama a bencin gaba a coci, shekara ba ta zagayo ba muka binne shi. Likita ya ce hawan jini ne. Ni dai na san wanda ya hau da jinin.

A ƙauyenmu kusa da Kagoro, in za a yanka akuyar Kirsimeti, Musulmi ake kira ya yanka don kowa ya iya sa hannu a kwano. A gidanmu kuwa, wanda aka miƙa wa wuƙar an gaya masa shi ɗan gida ne. Da na ce wa Mama bana Huzaifa zan kira, sai ta zauna a kan turmi tana kuka tana yi wa Allah godiya. Na kau da kai.

Ba sulhu na shirya ba. Wata uku na yi ina tono a waya, na tara wurare goma sha biyu da aka ce littafinsu yana karo da kansa, na buga a takarda, na haddace kamar mai shirin jarrabawa. Na gayyaci dattawan coci biyu da maƙwabta. So nake ya yi ta in-ina, Dinah tana kallo, ta ga irin mutumin da ta bar mu dominsa.

Suka iso da hantsi. Dinah ta rame kaɗan, amma dariyarta tana nan. "Yaya Meshak," ta ce, ta rusuna har ƙasa. Huzaifa ya karɓi wuƙa da hannu biyu, ya yanka, ya wanke hannu, ya zauna a ƙarshen benci kamar baƙon kirki. Wannan ladabin nasa ya fi komai ba ni haushi.

Nama na kan wuta na zaro takardar.

"Malam, ina da ƙwescin, 'yan tambayoyi kaɗan. Littafinku ya ce kwana shida aka yi sama da ƙasa. A wani wuri kuma, ƙasa kwana biyu, abincinta kwana huɗu, sama kwana biyu. Ni tica ne, wannan takwas ne. Wanne za mu ɗauka?"

Huzaifa ya dubi takardar, ya dubi Mama, ya sunkuyar da kai. Na ce a raina, na kama shi. Sai Dinah ta ajiye albasar da take yankawa.

"Yaya, daga Kafanchan zuwa Kagoro minti nawa?"

"Ashirin."

"Zuwa Manchok fa?"

"Arba'in."

"To sittin ke nan?"

"Ina! Ashirin ɗin na cikin arba'in ɗin."

"Biyun ma na cikin huɗun."

Wani dattijo ya yi tari don ɓoye dariya. Na tsallaka na biyu da ƙarfi: nan an ce da turɓaya aka yi mutum, can da laka, can kuma da busasshen yumɓu. Dinah ta juya wajen Mama, wadda ta yi shekara arba'in tana ginin tukwane.

"Mama, tukunyar can da me kika yi ta?"

"Ƙasa ne mana," in ji Mama a hankali. "Ka jiƙa shi ya zama laka, ka gina, ya bushe. Duk abu ɗaya ne."

Saura goma a hannuna, na buɗe baki, Dinah ta miƙe.

"Kawo sauran tambayoyin gidana, Yaya, zan zauna da kai har ka gaji. Wanda ban sani ba in ce ban sani ba. Shekara bakwai ina jira ka tambaye ni abin da na gani a Musulunci. Yau ka yi tambayar, amma ba ni ka tambaya ba, kuma sai da ka tara mutane." Ta ɗauki mayafinta. "Sati biyu ban yi barcin kirki ba don murna. Na ɗauka da gaske ka ba shi wuƙar."

Huzaifa ya durƙusa ya yi wa Mama sallama. Ko kallon banza bai yi mini ba, wanda da ya yi da na samu abin riƙewa. Suka hau babur suka tafi, ko ruwa ba su sha ba.

Mama ba ta yi mini faɗa ba. Ta sauke tukunya, ta juye naman gaba ɗaya a babban kwano, har kai da ƙafafu, ta ɗaure da zane. Ta shiga ɗaki ta fito da jakar kayanta.

"Mama, yau Kirsimeti ne fa. Ina za ki?"

"Wajen wanda ya yanka," ta ce. "Ni da gaske na ba shi."