Aljihun Gagare

Mu tara ne muke haɗuwa a tsakar gidan Hansai, nan Batsari. Duk farkon wata ita ke faɗin launi. Kowace mace ta nemo ƙyallayen wannan launin, wajen tela ko cikin tsofaffin kaya, ta ɗinke su guda huɗu, kowanne faɗin faifai. Ƙarshen wata a haɗe su bargo ɗaya, a ba wadda layi ya zo kanta.

Wata huɗu da kwana goma ban je ba, ina takabar mijina Gagare. A gonarmu ta Karare aka harbe shi. Ranar addu'ar bakwai ƙanensa Sahabi ya kwashe kayan sawarsa ya yi sadaka da su. Da kyakkyawar niyya ya yi. Amma ko hula bai bar mini ba, ni kuma ina ɗaki, ban sani ba sai da aka gama.

Watan da na koma, kore aka ce. Na zauna ina ta soke yatsa da allura. Can Iyatu ta zazzage nata ɗinkin a tabarma, sai na ga aljihu a tsakiyar ɗaya. Koren yadi, gefensa an kama da baƙin zare, ɗinkin ya karkace. Aljihun rigar Gagare ne, ni na kama shi da hannuna, ranar ba ni da koren zare. Har jan goron yana nan.

Na ce, "Iyatu, ina kika samo wannan?"

"Wata tsohuwar riga ce aka ba maigidana, ta yi masa kaɗan. Ke kuma, wannan kallo kamar na sato?"

Aka yi dariya. Na mayar da ido kan ɗinkina. A gabana aka haɗe bargon, aka ba Mahfuza, don layinta ne, ga ta da tsohon ciki. Washegari ta tafi Safana haihuwa gidan iyayenta, da bargon.

Daga nan zama ya gagare ni. In ɗora tukunya in manta ban hura wuta ba. In fito ƙofar gida, in koma, in sake fitowa. Sabon wata ya kama, Hansai ta ce ja, ko tsinke ban ɗinka ba.

Ta zo har gida. "Uwani, me ke cin ki?"

Na faɗa mata.

"Shi ne kika yi shiru kamar ba da 'yan'uwanki kike zaune ba? Tashi ki sa mayafi."

Ina tsoron hanyar saboda 'yan bindiga, amma na hau mashin zuwa Safana. Na iske Mahfuza ta haihu, jaririn yana kwance kan bargon, ƙafarsa daidai aljihun. Na yi barka, na tambayi jego, na tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har tambaya ta ƙare. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

Ta ɗauke yaron ta miƙo mini reza. "Cire, Inna. Amma kada ki bar wa ɗana rami, sanyi na zuwa."

Ban zo da ƙyalle ba. Na duba jikina, sai zanen da na yi takaba da shi, ruwan toka. Na cire aljihun, na yanki bakin zanen na toshe wurin. Ɗinkin ya karkace kamar wancan.

Mahfuza ta duba ta ce, "Hansai za ta ce kin ɓata mata kore."

Na ce, "Bar ta ta ce."

A kan mashin, hanyar komawa gida, na zura yatsu biyu cikin aljihun. Akwai ɗan ɓawon gyaɗa a lungu. Ban fitar da shi ba.