Kilo Sittin da Takwas

Saboda nauyina aka ɗauke ni aikin. Kilo sittin da takwas, daidai da na direban motar, wani ɗan Brazil da ban taɓa gani ba sai a hoton da ke manne a bangon gareji. Tsayinmu ma ɗaya ne.

Yaya Nanven ne ya gano ni. Mutumin Langtang ne, injiniya a wata ƙungiyar tseren motoci mai gareji a bayan gonakin dawakin Summerfield. Ya shigo shagon kawuna Alhaji Chaïbou da ke Gate City Boulevard neman daddawa, ya same ni ina jera buhunan shinkafa, sai ya tsaya yana ƙare mini kallo.

"Kai ɗan Nijar, kilo nawa ne kai?"

"Rago za ka saya ne, Yaya?"

"In ragon zai iya zama shiru awa uku, ina so."

Ni kuwa zama shiru ne abin da ban taɓa iyawa ba. A aji uku na kwaleji na bar makaranta a Damagaram. A nan garin Greensboro na yi wankin mota, na yi dakon kaya a sito, na yi kai abinci a keke, babu inda na cika wata huɗu. Ranar da na gaya wa kawu zan bar shagonsa, bai ɗago kai daga kifin da yake ɗaurewa ba. Ya ce, "Soumaïla, in ka fita ƙofar nan, kada ka dawo mini da wani labari." Na kama ɗaki a unguwar Glenwood, a gidan da ɗalibai uku ke haya. Har yau ba na jin akwai wanda ya riƙe sunana a cikinsu.

Kafin a buɗe kakar tsere, kwanaki kaɗan doka ta yarda a fitar da mota fili. Don haka a cikin gareji ake gwada ta. Ana ɗora ta kan ginshiƙan ƙarfe huɗu, kowace taya da nata, kwamfuta ta riƙa ɗaga su tana saukewa daidai da gargadar filin da za a je. Shekara biyu Yaya Nanven ya yi yana ƙera sabon shokozoba, abin da mu muke kira amotisa, wanda ke danne taya a ƙasa idan mota ta hau tudu da gudu. Sauran ƙungiyoyi buhunan yashi suke ɗaurewa a kujerar direba. Shi ya nace sai mutum, domin a cewarsa jikin mutum yana bin motsi ta hanyar da yashi ba ya bi. Manajan, wani bature da ba ya cire hannu daga aljihu, ya yarda da sharaɗi ɗaya. Kowace safiya zan hau sikeli da kayan aikina. Ranar da na bambanta da direba da fiye da kilo guda, buhunan za su dawo.

Sai a sa mini hular kwano, a ja bel ɗin har numfashi ya yi wuya, a rufe ƙofa. Daga nan ba mai yi mini magana. Ban zaci zan so shi ba, amma na so shi fiye da duk abin da na taɓa yi. Idona a rufe na haddace filayen da ban taɓa takawa ba. Akwai wata kwana a wani fili na Florida inda tsohon siminti ya haɗu da kwalta. Nakan ji ta a ƙashin bayana tun kafin ta iso, in saki kafaɗa in jira ta. Wata biyar na yi ban makara ba ko sau ɗaya. Ƙarfe bakwai saura kwata nake tsayawa a mahaɗar layinmu, Yaya Nanven ya ɗauke ni, mu tafi yana zagin shayin 'yan Nijar ina zagin hanyoyin Najeriya.

Sai azumi ya kama a ƙarshen sanyi.

A gidan kawu ana shimfiɗa tabarma daga falo har kicin, a yi kunu da ƙosai da farfesu. Hajiya Oumou, matarsa, ta turo mini saƙon murya ranar farko cewa ƙofa a buɗe take. Na saurara sau uku, ban amsa ba. A bakin gadona nake shan ruwa, da burodi da shayi, wani lokaci gwangwanin sadin. In na yi loma huɗu sai abincin ya fita raina. Sahur kuwa sau da yawa sai dai in farka in tarar gari ya waye, don babu mai buga mini ƙofa.

Ranar takwas ga azumi sikeli ya nuna sittin da bakwai da ɗigo ɗaya. Mai rubutawa ya kalle ni, ya rubuta.

Da yamma na bi ta wajen garwar da ake zuba tsofaffin ƙarafa, na ɗebi manyan notuna shida, na zuba a safa, na cusa a aljihun cinya. Washegari sikeli ya yi daidai. Bayan kwana uku na ƙara huɗu. Kafin tsakiyar azumi ina ɗauke da kilo biyu da rabi na ƙarfe a aljihu biyu, ina tafiya a hankali kada su yi ƙara. A raina ban ɗauke shi cuta ba. Nauyi suke so, ga nauyi.

A makon ne wani abu ya fito a allon kwamfuta. Layin da ya kamata ya sauka sumul bayan kowane tudu sai ya riƙa yin wani ɗan tsini. Yaya Nanven ya kwance shokozobansa sau uku, ya jera fayafayan ƙarfen da ke ciki a kan farin ƙyalle, sirara kamar ɓawon albasa, yana duba su ɗaya bayan ɗaya da madubin ƙara girma. Ya daina zagin shayinmu. Rediyo ma ya daina kunnawa. Ranar Laraba manajan ya ce ƙarfe huɗu na yammacin Juma'a za a miƙa wa hukumar tsere jerin kayan da motar za ta yi kakar da su. In tsinin bai tafi ba, tsohon shokozoba za a rubuta.

Ranar Alhamis, muna cikin kwanar nan ta Florida, na ji notunan aljihun dama sun tashi sun faɗo kan gefen kujera. Daidai wurin ne aka manna wata 'yar na'ura mai jin motsi. Na buɗe ido. Ta gilashi na hango Yaya Nanven ya dafe goshi yana kallon allo.

Ban faɗa ba. Da safiyar Juma'a na shiga banɗaki na naɗe notunan a ƙwaurina da salatif, na ja har jini ya daina bi. Na ce in sun daina motsi, tsinin zai tafi, kowa ya huta.

Bai tafi ba. Ya ragu, ya koma wani wuri dabam a layin.

Da aka buɗe mini ƙofa wajen sha biyu, na tarar da Yaya Nanven zaune a kan taya, ya cire tabarau.

"Ƙanena, sauko ka miƙe ƙafa. An gama."

"An gama me, Yaya?"

"Jiya tsinin yana nan, yau yana can. Abin da ke yawo haka, bawul ɗin cikin shokozoban ne yake maƙalewa lokacin da ya ga dama. Ba zan sa ɗan mutane a ciki yana gudun kilomita ɗari uku ba." Ya miƙe yana kakkaɓe wando. "Bari in je in gaya wa mai aljihu da bakina."

Ya yi taku biyar ko shida. Ofishin manajan yana ƙarshen gareji, ƙofarsa a buɗe. Na san in na yi shiru, ranar Litinin zan dawo kujerata, a ci gaba da gwaji da tsohon shokozoba har ƙarshen kaka.

"Yaya."

Ya juyo.

Na ɗora ƙafa kan benci, na naɗe wando, na fara ɓare salatif ɗin. Ya tafi da gashin ƙafata. Notunan suka riƙa faɗuwa kan siminti ɗaya bayan ɗaya, wasu suka gangara ƙarƙashin mota. Makanikai biyu da ke cin abinci suka daina tauna.

"Tun yaushe?"

"Tun tara ga azumi. Na rame ne."

"Ka rame." Ya ɗauki noti ɗaya yana juya shi. "Ka rame, shi ne ka kasa buɗe baki? Ni da kai a mota ɗaya, safe da yamma? Ka ga na kwance abin nan sau uku, Soumaïla. 'Yata ta yi wasa a coci ranar Lahadi, ina nan ina kallon ƙarfe."

"Na ji tsoron buhunan."

Ya ajiye notin. Sai ya juya ga makanikan ya ce da Turanci su kawo buhunan, su ɗaure su sosai.

Ina tsaye a bayan jan layin da aka shata a ƙasa aka kunna injin. Karo na farko ke nan da na ga motar tana rawa daga waje. Tayoyin na tsalle kamar za su tsinke, jikinta kuwa ko gezau. Layin ya sauka sumul. Suka maimaita da fili na biyu, da na uku. Ƙarfe uku da minti ashirin manajan ya sa hannu a takardar, da sabon shokozoba a ciki. Makanikan suka riƙa dukan bayan Yaya Nanven. Daga baya manajan ya kira shi ofis, suka rufe ƙofa. Ba su daɗe ba.

Na ninke kayan aikin na ajiye a kan benci tun kafin a ce in ajiye.

A hanyar dawowa rana ta yi ƙasa, dawakai na tsaye a bakin shinge da barguna a bayansu. Muka shigo gari. Yaya Nanven ya tsaya a wani gidan mai, ya shiga, ya fito da gorar ruwa da ayaba biyu, ya ajiye mini a cinya.

"Saura minti nawa?"

"Sha ɗaya."

Ya tuƙa a hankali har mahaɗar layinmu, ya kashe mota. Muka zauna muna kallon agogon gaban mota. Da lokaci ya yi na yi bismilla na sha.

"Na roƙi manajan," in ji shi. "Na ce ko wankin taya ne. Ya ce wanda ya shigo da ƙarfe cikin mota a ɓoye ba zai ƙara taka garejin ba. Ban iya ce masa ƙarya yake ba."

"Na sani, Yaya."

"Da ka gaya mini tun ranar farko, da ƙarfen a jikin kujera zan ɗaure shi da ƙusa. Aikin minti goma." Ya shafa fuska. "Kai, ɗan Nijar. Kai."

Na sauka. Ya jira har na tsallaka titi kafin ya tayar da mota.

A gida ɗaliban sun tara abokai a falo suna kallon ƙwallon kwando. Ɗaya ya janye ƙafa don in wuce, idonsa na kan talabijin. Na shiga ɗaki na yi sallar magariba, na cinye ayabar duka biyu. Sannan na ɗauko waya na kashe ƙararrawar ƙarfe shida.